Ranar da Taraktar Alhaji Ta Ƙwace Linzami

Na yi wa masu karatu alkawari a makon jiya cewa zan ci gaba da maganar kuɗin makaranta a jami'o'inmu. Ina neman afuwa, a ɗaga mini ƙafa zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wani abu ya faru a gidanmu na ƙauye makonni uku da suka wuce, kuma da na yi niyyar barinsa a cikin gida, domin ba labarin da ke ɗaga darajata ba ne. To amma shekaranjiya wani abokin aikina ya ce mini su ma za su tayar da tsohuwar taraktar gidansu kafin ruwa ya sauka, na kuma lura da yadda ya faɗi maganar, kamar mai shirin kunna rediyo. Ga shi hadari ya fara haɗowa ta gabas, kowa yana kakkaɓe kayan noma. Gara in faɗa yanzu, tun faɗar tana da amfani.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana tarakta ɗaya, ja, mai silinda uku, wadda ya saya hannu na biyu tun ina firamare. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma shekara shida ke nan tana tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida. Lafiyarta ƙalau aka ajiye ta. Gado ne ya ɗaure ta, domin mu goma sha ɗaya ne, ita kuwa ba ta yankuwa kamar gona, kuma babu wanda ya so a ce shi ne ya fara kawo maganar sayar da ita. Kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki, zanzaro ya yi gini a duk inda ya sami lungu, tayoyin suka kwanta. Bana da kuɗin hayar tarakta ya kai inda ya kai, ga layi, ga masu hayar ba sa zuwa sai shuka ta kusa wucewa, Yayanmu ya tara mu ya ce a tayar da ita, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Muka yi na'am.

Aka kira wani matashin bakanike daga cikin gari, yaro mai hankali da ladabi, amma ƙananan motocin fetur ya fi sabawa da su. Ya zo da sabon batir da jarkar gas, wato man dizal. Ya hura tayoyi, ya zuba ruwa a lagireto, ya juye sabon gas a kan wanda ya tarar a tanki, ya yi bilidin har kumfa ta daina fita. Ɗan Yayana, mai shekara goma sha shida, shi ne ɗan aike, kuma shi aka sa ya wanke kofin matatar iska ya sake masa baƙin mai. Ni kuwa ina tsaye a gefe, hannu a aljihu, ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. A inuwar darbejiya, can nesa kaɗan, tsohon direban Alhaji yana zaune a kan tabarma. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana tuƙa wannan tarakta, yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya jin magana sai an ɗaga murya. Sau biyu ya ce, "Ku buɗe mata wuya tukuna." Muka ce, "To, Baba," irin amsar da ake ba tsoho don a wuce wurin.

A bugu na huɗu ta kama. Yara suka yi shewa, mata suka leƙo ta kan katanga, ni kaina na ji wani abu ya taso mini a ƙirji, domin ƙarar nan ita ce ƙarar asubahin yarintata. Murnar ba ta kai daƙiƙa biyar ba. Ƙarar ta hau, ta ƙara hawa, ta wuce duk inda na taɓa jin ta kai, ta koma kururuwa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, kwanon rufin yana karkarwa. Bakanike ya mayar da totur baya, babu abin da ya sauya. Ya ja wayar kashe inji har ta kusa tsinkewa. Ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya, ya tsaya yana kallonsa a tafin hannunsa. Sai hayaƙin ya fara sauya launi, ya koma fari-fari mai shuɗi, ga ƙaurin baƙin mai. A nan ne na ga ɗan Yayana ya haye kan tayar gaba, ya fizge hular bututun iska, ya miƙa tafin hannunsa zai toshe bakin.

Ban san lokacin da Baba ya taso ba. Na dai ga ya finciko yaron ta wuyan riga ya yar da shi ƙasa, ya ɗauki guntun katakon da mata ke yanka kuɓewa a kai, ya kifa shi a bakin bututun. Katakon ya manne kamar an buga masa ƙusa. Injin ya shaƙe, ƙarar ta sauko, amma bai mutu ba, yana ta gurnani yana zuƙar iska ta wani wuri. Baba ya daka wa bakanike tsawa ya ce ya duba robar da ke ƙasa. Ashe ɓeraye sun huda ta. Bakanike ya naɗe hujin da wata tsohuwar robar taya da ke rataye a jikin rumfar, ya matse da hannu biyu. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Duk abin bai fi minti ɗaya ba. Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Dakta, kai da ka yi boko, ai ka san numfashi ake tarewa."

Na sani kuwa. Abin kunyar ke nan. Shekara goma sha biyar ina tsayawa gaban allo ina koya wa ɗalibai yadda zafi ke zama ƙarfi a cikin inji, kuma da an ba ni alli a wannan rana da na zana musu dalilin abin da ke faruwa tsaf. Amma ƙafafuna sun ƙi motsi. Saboda haka bari in yi abin da na iya, in yi bayani, ko wani ya tsira da hannunsa.

Injin fetur, irin na babur da janareto da ƙananan motoci, yana da makama biyu. Yana buƙatar tartsatsin fulogi kafin mai ya kama, shi ya sa da ka murɗa makulli ka yanke wutar sai ya mutu. Yana kuma da wata 'yar ƙofa a hanyar iska wadda totur ke buɗewa da rufewa, shi ya sa da ka saki totur sai ya lafa. Tsohon injin dizal ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Bajamushen nan Rudolf Diesel, wanda injin ya ci sunansa, ya gina shi ne a kan wata dabara dabam, kuma injinsa na farko da ya yi aiki sosai ya tashi a shekarar 1897. Fistin yana matse iska zalla har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida ko fiye na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai a ciki ya kama da kansa. Wanda ya taɓa hura tayar keke ya ji bakin famfon ya ɗumama ya ɗanɗani wannan ka'ida. To tunda babu fulogi, makulli ba shi da aikin da ya wuce juya sitata da kunna fitila. Hanyar iska kuwa a buɗe take koyaushe. Abin da kawai ke hana injin gudu shi ne a auna masa mai.

Mai aunawar yana cikin famfon injekta, kuma sunan da masu sana'ar ke kiransa da shi shi ne gwamna. (Na san abin da ke ran mai karatu, amma yau ba siyasa muke yi ba.) Wasu 'yan ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa tare da injin. Idan gudu ya ƙaru sai su buɗe, su ja wata 'yar sanda ta rage man da ke shiga. Idan gudu ya ragu, kamar lokacin da garma ta nutse a ƙasa mai tauri, sai su tsuke, mai ya ƙaru. Dabarar ta girmi injin dizal da sama da shekara ɗari, domin James Watt ya ɗora irinta a kan injin tururi tun 1788. Totur ɗin da direba ke turawa roƙo kawai yake kai wa gwamna, shi ne ke yanke hukunci. Idan hannun gwamna ya daina isa ga man, sai abin ya zama zobe: gudu yana jawo ƙarin mai, ƙarin mai yana jawo ƙarin gudu, babu mai tsawatarwa. Taraktocin wancan zamani an yi su ne su juya kamar sau 2,000 zuwa 2,300 a minti. Ƙarfin da ke neman tsinka ƙarfe mai juyawa kuwa ba ya hawa daidai da gudu, domin idan gudu ya ninka biyu shi ninki huɗu yake yi. Ƙarshen abin shi ne sandar fistin ta karye ta fasa jikin inji ta fito, ko faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji ya tarwatse, kuma kusa da ƙafafun direba yake.

Hanyoyi biyu ne inji ke ƙwacewa ta cikinsu, kuma duk wanda zai nemo dalili dole ya fara rarrabe su. Ta farko, man nasa ne na halak ya yi masa yawa saboda wani abu ya maƙale a cikin famfo. Ta biyu, wadda ta fi muni, ya sami wani abincin ta bayan gida wanda bai biyo ta famfo ba sam.

Ajiya mai tsawo ita ce uwar ta farkon. Gas ba ya zama yadda aka zuba shi. Bayan watanni yana fara tsufa, yana yin duhu, yana barin wani danƙo mai kama da ƙaro. Tankin da ba a cika ba yana yin gumi ta ciki idan sanyin dare ya biyo zafin rana, ruwan ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta biyo baya, har da wasu ƙwayoyin halitta masu rayuwa a tsakanin ruwan da man suna barin baƙar dauɗa. Su kuwa ƙarafan cikin famfo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba, kuma a famfo irin namu man da ke wucewa shi ne kaɗai maiƙonsu. Famfon da ake kira mai jere, wanda kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa a 1927, yana da wata sanda mai haƙora da ke kai da komo tana auna wa kowace silinda rabonta. Famfo mai juyawa, irin na yawancin ƙananan taraktocin da ke ƙauyukanmu, yana da ɗan bawul guda da bai kai ɗan yatsa ba. Ga inda tarkon yake: idan inji yana kashe, aka sake tura wayar kashewa ciki, ma'aunin nan yakan koma wajen buɗe, domin inji yana son mai da yawa lokacin tashi. A haka ya kwana shekara shida, a haka danƙo ya kama shi. Da injin ya tashi, gwamna ya ja, abin ya ƙi jawuwa. Ita ma wayar kashewa wannan bawul ɗin take turawa, shi ya sa bakanikenmu ya yi ta ja a banza.

Ta biyun kuwa tana da alaƙa da wata baiwa da injin dizal ke da ita, wato rashin tsandar abinci. A bajekolin duniya da aka yi a Faris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, abin da ya kamata ya ba jikokin masu dalar gyaɗa abin tunani. To injin da zai sha man gyaɗa ba zai ƙi baƙin mai ba. Tsofaffin taraktoci da yawa suna tace iska ne ta cikin wani kofi mai baƙin mai a ƙasansa, ƙura ta maƙale a man, iska ta wuce. A jikin kofin akwai layi, kuma wanda ya wuce layin ya ɗora wa injin tukunya. Haka nan idan 'yar fatar robar da ke cikin ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ta bushe ta tsage, ko robar bakin famfon injekta ta saki, gas yakan zurare a hankali ya gangara cikin kaskon baƙin mai, ya tsinka shi, ya cika shi fiye da kima. Da inji ya yi zafi sai wannan gauraye ya bi ta gefen ringin da ya ci, ko ta bututun numfashin inji a inda aka mayar da shi hanyar iska, ya shiga silinda. A sababbin taraktoci da manyan motoci masu turbo, lalacewar robar turbo ce ta fi kawo wannan. A irin wannan hali ko ka cire tankin gaba ɗaya ka jefar, injin zai ci gaba da gudu har sai ya shanye baƙin mansa ya ƙone, ko ya fashe kafin nan.

Akwai ma ta uku, wadda ba ta shafi ajiya ba amma ta shafe mu. Injin dizal yana iya shaƙar abincinsa daga iskar da ke kewaye da shi. A ranar 23 ga Maris, 2005, a matatar mai ta Texas City a Amurka, tururin mai ya malala a fili, wata motar a-kori-kura mai injin dizal da aka bari a kunne ta zuƙe shi, waɗanda ke wurin suka ji injinta ya haukace, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa daga nan wutar ta tashi. Mutum 15 suka rasu. A 2010 ma, a dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, injinan da ke ba da wuta sun zuƙi iskar gas sun wuce gudunsu kafin fashewar da ta kashe mutum 11. Shi ya sa a wuraren aikin mai ake ɗora wa injinan dizal wata ƙofa ta musamman mai datse iska. A tuna da wannan duk ranar da tankar fetur ta faɗi a hanya, aka ga manyan motoci sun yi layi kusa da ita injinansu suna aiki.

Da ƙura ta lafa, washegari muka zauna neman dalili, kuma wannan karon Baba ne ya ja zaman, mu muna amsa tambaya. Ya fara da hayaƙi. Baƙi ne ko fari? Muka ce baƙi ne da farko, daga baya ya yi fari. Ya ce to ɓarayin biyu ne. Baƙin hayaƙi shaidar gas ne da ya yi yawa har iska ta kasa ƙone shi, mai shuɗi-shuɗi kuwa shaidar baƙin mai ne. Aka zaro gejin baƙin mai, aka ga yana daidai layinsa, bai hau ba. Baba ya shafa a yatsa ya shinshina, ya ce babu warin gas. Aka wanke kasko daga zargi. Aka kwance kofin matatar iska, sai ga shi kusan a bushe, bututun da ke samansa kuwa jiƙe sharkaf da mai har cikin wuyan inji. Aka dubi ɗan Yayana. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ya ga kofin babba ne, ya cika shi har baki don kada a ce ya yi rowa. Babu wanda ya nuna masa layin, ni kuwa ina tsaye lokacin da yake zubawa.

Bakanike ya so a tsaya a nan, a ce an gano. Baba ya ƙi. Ya ce da kofin ne kaɗai, da fari zai fara, kuma da wayar kashewa ta rage wani abu ko yaya. Aka wanke saman famfon injekta tas, aka buɗe murfinsa a hankali, bakanike ya sa ɗan yatsa ya taɓa hannun bawul ɗin. Ko gezau. Cikin famfon ya yi ja kamar an zuba masa ruwan goro, ga wari irin na tsohon fenti. Yanzu labarin ya haɗu: bawul ya maƙale a buɗe, injin ya ɗauki gudu da gas, gudun ya sa zuƙar iska ta yi ƙarfin da ta kwaso man da ke kofin, sai wuta ta sami ƙarin itace. Na kawo wannan dalla-dalla ne saboda halinmu na tsayawa a kan laifin farko da muka gani, musamman idan mai laifin yaro ne. Da mun rage man kofi mun sake bugawa, da ta sake ƙwacewa, kuma ba lallai ne Baba yana kusa ba.

Ga wanda ke da irin wannan tarakta a bayan gida, ko babban janareto, ko injin ban-ruwa da ya shekara biyu ba a taɓa ba, abin da na koya bai da tsada. Kada a zuba sabon gas a kan tsoho. A juye tankin, a wanke shi, a sauya matatun mai. A duba gejin baƙin mai kafin komai, kuma idan ya haura layi kada a yi murna, mai ba ya haihuwa, wani abu ne ya shiga cikinsa. A juya injin da hannu a tabbatar ba a kafe yake ba. A sa wanda ya san famfo ya tabbatar ma'aunin yana motsi da kansa yana komawa, domin motsin totur daga waje ba ya nuna abin da ke ciki. Sannan a yi abin da Baba ya faɗa muka ƙi ji, a buɗe mata wuya: a cire robar da ke tsakanin matatar iska da injin, yadda bakin zai fito fili babu wani huji a bayansa, mutum ɗaya ya tsaya da katako mai faɗi da kauri a hannu, ba shi da wani aiki sai wannan. A fitar da ita daga rumfa, a tabbatar giya tana firi, a sa duwatsu a tayoyi, a kori yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kuwa ta riga ta ƙwace, lokacin da ke hannu kaɗan ne. A ja wayar kashewa, a rufe famfon tanki, amma kada a tsaya jiran sakamako, domin man da ke cikin matatu da famfo ya isa ya kai injin ga halaka. Iska ake bi. Katako, ko faranti mai kauri, ko murfin tukunyar ƙarfe. Ban da hannu. Zuƙar injin da ke wannan gudu tana iya tsotse fata ta fasa jijiyoyin tafin hannu, kuma wanda hannunsa ya manne ba ya iya gudu idan ƙarfe ya fara tashi. Ban da riga ko tsumma mara kauri, domin injin zai haɗiye shi ya ci gaba, ko ya cusa shi cikin bawul. Ban da ruwa, domin ruwa ba ya matsuwa, fistin zai daki abin da ba ya ja da baya, sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye. Wanda ke da tukunyar kashe gobara mai iskar kabon, wadda ake ganewa da faffaɗan bakinta mai kama da kakaki, ya fesa ta a hanyar iska, ita ce ta fi kowace dabara tsabta. Wasu direbobi sukan sa babbar giya, su danne birki, su saki kuloci don injin ya shaƙe. Yana yi wani lokaci, amma ban ba kowa wannan shawara a cikin gida ba, inda katanga ke gaba mata da yara ke bayanta, kuma birkin da ya shekara shida bai taka ba ba abin dogaro ba ne. In duk an rasa, a bar ta. A ja da baya ta gaba ko ta baya, kada a tsaya a gefen inji inda ƙarfe ke fita. Inji ana sayen wani.

Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci wannan shafi shi ne yawan irin taraktarmu. Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na gwamnatin Shagari a 1980, babu gwamnatin da ta zo ba ta yi bikin raba taraktoci ba. An harhaɗa Steyr a Bauchi, an harhaɗa Fiat a Kano, an shigo da Massey Ferguson ba adadi. Wanda ya zaga harabar sakatariyar ƙananan hukumomi da ma'aikatun gona zai ga inda da yawansu suka ƙare, a jere cikin ciyawa, wata saboda taya, wata saboda famfon da ba a sami mai gyara ba, wata saboda takardar da ba a sa wa hannu ba. Yanzu da tsadar sabuwa ta fi ƙarfin kowa, ana gwanjon tsofaffin, matasa suna haɗa kuɗi suna saye, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai masu tayar da su yawanci a kan babur da ƙananan motoci suka koyi aiki, tsofaffin direbobin da suka san halin dizal kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna ya ɗauki abin da ke kansu. Muna da cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilorin, muna da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, muna da kwalejojin fasaha a kowace jiha. Ban ga abin da zai hana a yi shirin rediyo na minti goma da Hausa a kowace bazara a kan yadda ake tayar da injin da ya daɗe a ajiye ba. Mu ma a jami'a da laifinmu. Ɗalibina zai iya lissafa maka zafin iskar da ke cikin silinda har zuwa ɗigo biyu, amma ban taɓa kai shi gaban inji na ce ya nuna mini inda zai toshe ba, domin ni ma ba a kai ni ba. Na sa wannan a cikin darasin zangon da za mu shiga, kuma na riga na roƙi Baba ya zo. Ya ce sai dai in zan aiko a ɗauke shi, kuma ba zai sa wando da kwat ba.

Famfon mun kai shi birni wurin masu gyaran injekta, inda suka kwance shi gaba ɗaya, suka wanke, suka sauya robobi, suka gwada shi a kan na'urarsu tare da nozul ukun. Kuɗin ya kusa cinye abin da muka tara. Da aka buɗe saman injin an sami sandar tura bawul ɗaya ta ɗan lanƙwashe, aka sauya ta, aka sake saita bawul. Baba ya sa aka bar shi shi kaɗai kusa da ita a bugun farko, ya kara dogon sukundireba a jikin inji ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce ƙasan lafiya, Allah Ya rufa asiri. Ranar Talata ta shiga gonar Yaya, jiya ta yi ta ƙanwarmu, tawa sai mako mai zuwa saboda ni ne na ƙarshe a kawo kuɗi. Ɗan Yayana shi ke bin Baba yana koyon tuƙi, kuma an ce kullum da safe sai ya kwance kofin nan ya duba layi. Katakon kuwa yana ɗaure da waya a bayan kujerar direba, da zanen da'irar bakin bututu a jikinsa. Matar Yaya ta aiko mini da saƙo cewa ni zan saya mata wani.